Tikitin Kolosiyam da Dandalin Rumawa: wanne ya fi, kuma me ake gani da shi

Tikiti guda ne ke shigar da mutum wurare uku a tsakiyar tsohon birnin Rum: Kolosiyam (katafaren filin dagar Rumawa), da Dandalin Rumawa (kangon tsohuwar cibiyar birnin), da tudun Palatino. Hukuma ɗaya ce ta gwamnatin Italiya ke riƙe da su, kuma sunayen da za ka gani a allunan hanya su ne Colosseo, Foro Romano da Palatino. Yawancin baƙi don Kolosiyam suke sayen tikitin. Su yi awa guda a ciki, su ɗau hoto, su ratsa dandalin a gurguje rana na dukansu, su kama gabansu. A ganinmu an yi wa abin kallon baibai. Kolosiyam ya ci sunansa, amma a dandalin ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, musamman ga wanda ya san cewa gine-ginen Rumawa da suka kawo yau da bangonsu da rufinsu, mafi yawansu sun tsira ne saboda an mayar da su coci. Waɗanda ba su samu wannan gatan ba, an ɗebe duwatsunsu an yi wasu gine-ginen, mabul ɗinsu kuma an toya shi an yi farar ƙasa.

Tikitin iri-iri ne, amma biyu suka fi shafar baƙo. Na gama-gari Yuro 18 ne a farashin 2025: shiga Kolosiyam sau ɗaya, da shiga dandali da tudu sau ɗaya, duk cikin awa 24. Ɗayan, wanda suke kira Full Experience, Yuro 24 ne, yana aiki kwana biyu a jere, yana sauke mutum a tsakiyar filin dagar, wani nau'insa har ƙarƙashin ƙasa, sannan yana buɗe wasu rufaffun ɗakuna da aka yi wa tambarin SUPER a dandalin da kan tudun. Yuro 6 ne kawai a tsakaninsu, kuma mu na biyun muke ba da shawara ba tare da wani jinkiri ba. Kwana biyun kaɗai ya isa dalili, balle cocin Santa Maria Antiqua da za mu zo kansa. Rangwamen da ake yi wa matasa 'yan shekara 18 zuwa 25 na 'yan Tarayyar Turai ne. Mai ziyara da fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana cikakken kuɗi zai biya. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga ko daga ina suka fito, amma su ma sai an kama musu gurbi. Lahadin farko na kowane wata ba a biyan ko sisi, sai dai cunkoson ranar ya isa ya ɓata wa mutum ziyarar, gara a biya a zo wata rana.

Wajen saye ake cutuwa. Shafin hukumar na intanet yana sakin tikiti kwana 30 kafin ranar ziyara, na ƙarƙashin ƙasa kuwa nan da nan yake ƙarewa, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba. Idan ka nemi sunan wurin a Google, shafukan da ke fara fitowa galibi na dillalai ne, masu ninka farashi bayan sun liƙa wa tikitin wata manhajar bayani da alkawarin cewa ba za ka bi layi ba. Babu tikitin da ke ɗauke wa mutum layin bincike, kowa sai jakarsa ta bi ta na'ura. Layin da ake kaucewa na wurin sayarwa ne, kuma duk wanda ya saya a intanet ya riga ya kauce masa. Abin ya yi ƙamari har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci wasu kamfanoni tarar kusan Yuro miliyan 20 a Afrilun 2025 kan yadda ake kwashe tikiti da manhajojin kwamfuta a bar jama'a hannu rabbana. Tun Oktoban 2023 kowane tikiti na ɗauke da sunan mai shi, ana kuma gwada shi da fasfo a ƙofa. Don haka a rubuta suna yadda yake a fasfo harafi da harafi. Wanda fasfonsa ya ce Mohammed kada ya rubuta Mamman don haka aka saba kiransa a gida.

Kuskure biyu ne suka fi cinye wa mutane kuɗi. Na farko makara. Lokacin da ke jikin tikiti na shiga Kolosiyam ne, kuma ba su wasa da shi, domin ba a barin fiye da mutum 3,000 a ciki a lokaci guda. A iso bakin ƙofa da minti 20 ko 30 a hannu. Daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin B tasha biyu ne, Cavour sai Colosseo, kana haurowa ginin na gabanka. Na biyu fita cin abinci. Dandali da tudu a cikin shinge ɗaya suke, shiga ɗaya tikitin ya ba ka, idan ka fita shi ke nan. A ci a ƙoshi tukuna. Babu wurin ajiye kaya, ba a shiga da akwati ko babbar jakar goyo ko kwalbar gilashi. Gorar roba kuwa a zo da ita, domin akwai famfunan ruwan sha kyauta a ciki da ko'ina a birnin, waɗanda mutanen gari ke kira nasoni. Ruwansu ba ya tsayawa, da sanyinsa. Idan babu gora, toshe bakin famfon da yatsa, ruwan zai tsarto sama ta wani ɗan rami da ke bayan bututun, ka sha a tsaye.

Kolosiyam kansa Sarki Bespasiyan ne ya fara shi wajen shekara ta 72 miladiyya, a gurbin tafkin da Sarki Niro ya haƙa a harabar fadarsa, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasannin kwana 100. Tsawonsa mita 189, faɗinsa 156, tsayinsa kimanin 48, yana cin 'yan kallo wajen 50,000. Kafin ka shiga, zagaya ta gefen arewa inda bangon waje bai faɗi ba, ka ɗaga kai. Ƙofofin ƙasa masu baka guda 80 ne, 76 daga ciki an sassaƙa musu lamba, kuma har yanzu ana karanta wasu, irin su LII da LIII. Da lambar kowa ke gane ƙofarsa da matakalarsa, yadda dubban mutane za su shiga su fita ba turereniya. Za ka kuma ga jikin ginin duk ramuka kamar an yi masa ruwan harsashi. Ba yaƙi ba ne. Magina ba su sa kwaɓi tsakanin manyan duwatsun ba, ƙarafa suka ɗaure su da su aka zuba dalma, ƙarfen da aka ƙiyasta ya kai tan 300. Bayan daular ta faɗi sai mutane suka riƙa fafe dutsen suna cire ƙarfen. Girgizar ƙasa ta 1349 ta kayar da bangon kudu, tarin duwatsun ya zama haƙar kowa, har fadoji da coci-coci na birnin suka samu rabonsu. Ɗibar ba ta tsaya cak ba sai a tsakiyar ƙarni na 18, da Fafaroma Benedict na 14 ya keɓe wurin don tunawa da Kiristocin da aka yi imani an kashe a can. Gicciyen da ke gefen filin ke nan, kuma shi ya sa ake yin jerin gwanon Juma'ar Ista a wurin kowace shekara.

A ciki, gaskiya tikitin gama-gari yana nuna wa mutum siffar ginin sarai daga hawa na biyu, inda akwai ɗan baje kolin kayan tarihi da bai kamata a wuce ba. Ƙarƙashin ƙasa, wanda Sarki Domishiyan ya ƙara kuma aka buɗe wa jama'a gaba ɗayansa a 2021, shi ne inda ake tsare namun daji da mayaƙa, ake ɗaga su da igiya da ƙarfin mutane su ɓullo ta ƙofofin da ke ɓoye cikin yashi. Ana zagaya shi rukuni-rukuni da ma'aikaci a gaba, ba a tsayawa yadda mutum ya so. Yana da kyau, amma wanda bai samu ba kada ya biya dillali ninki uku. Daga bakin filin ana hango lungunan duka. Raunin wurin shi ne ƙarancin allunan bayani da wurin zama, ga layin ban-ɗaki. Awa ɗaya da kwata ta wadatar.

Dandalin a ba shi safiya guda cur, a kwana na biyu idan tikitinka na kwana biyu ne. Ƙofar da ke kusa da bakan Titus (ginin tunawa mai siffar ƙofa) ita kowa ke bi, saboda haka layinta ya fi tsawo. Ta titin Via di San Gregorio ta fi sauƙi, tana kai mutum tudun Palatino da farko, daga can ya gangaro. Ribar haka ita ce daga barandar lambun Farnese kana ganin dandalin duka a ƙasanka kamar taswira, ka san inda za ka nufa kafin ka shiga cikin kangayen. Tudun kansa, inda sarakuna suka yi fadojinsu, jan bulo ne birjik da itatuwa da inuwa. Ɗakunan gidan Sarki Agustus masu zanen bango ja da ruwan ɗorawa su ne abin tsayawa, sauran a wuce su da tafiya. Takalmi ya zama mai taushin ƙasa, domin titin Via Sacra baƙaƙen duwatsu ne manya da ƙafa ta goge tsawon shekara 2,000, idan aka yi yayyafi santsi gare su.

Da ka sauko, nemi haikalin Antoninus da Faustina, wanda aka gina a 141. Ginshiƙansa na mabul mai ratsin kore suna nan tsaye, a bayansu kuma sai ga fuskar coci, San Lorenzo in Miranda, zaune a cikin haikalin kamar an saka ƙwarya a ƙwarya. Dubi ƙofar cocin: tana can sama a rataye, matakalar Rumawa ta ƙare nesa da ita a ƙasa. Lokacin da aka yi wa cocin wannan fuska a 1602, daidai nan ƙasa take. Ambaliya da shara da ɓaraguzai sun binne dandalin mita da yawa, ciyawa ta fito, har sunan wurin ya koma Campo Vaccino, wato filin shanu, domin kiwo da cinikin dabbobi ake yi a kai. Masu tono na ƙarni na 19 da na 20 ne suka kwashe ƙasar. A saman ginshiƙan akwai zurfafan tsagu a karkace, waɗanda aka fi cewa gurbin igiyoyin masu neman kayar da su ne. Kusa da shi akwai wani zagayayyen gini da ake kira haikalin Romulus, na farkon ƙarni na 4, ƙyamarensa na tagulla da suka yi kore su ne na asali. Ya tsira ne domin a 527 Fafaroma Felix na 4 ya mayar da shi zauren cocin Santi Cosma e Damiano. Shi cocin ta waje ake shigarsa, ta titin Via dei Fori Imperiali, kyauta, kuma zanen da aka jera da ƙananan gilasai a gabansa, shuɗin sama da jajayen gajimare, tun ƙarni na 6 yake.

Majalisar dattawan Rum, Curia Julia, dogon gini ne na jan bulo marar ado, ana iya wuce shi ba a kula ba. Yuliyus Kaisar ya fara shi, Agustus ya gama a shekara ta 29 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Diyokleshiyan ya sake gina shi bayan gobarar 283. A 630 ya zama cocin Sant'Adriano, ya zauna haka shekara 1,300, sai a shekarun 1930 aka kware masa rigar cocin. Idan ka same shi a buɗe, daɓensa na mabul kala-kala da matakan da dattawa ke jera kujeru a kai suna nan. Ƙyamaren da ke jikinsa kwafi ne. Na gaskiyar suna wani wuri da za mu je. 'Yan taku daga nan ga bakan Septimius Severus na 203, sarkin da aka haifa a Leptis Magna ta ƙasar Libiya ta yau, ga kuma wani ginshiƙi tilo, na Fokas, wanda aka kafa a 608, abin tunawa na ƙarshe da Rumawa suka kafa a dandalin. Wannan Fokas sarkin Rumawan gabas ne da ke mulki daga Kustantiniyya, shi ne Hiraƙla ya tumɓuke a 610, Hiraƙlan da masu karatun sira suka sani saboda wasiƙar da Annabi (SAW) ya aika masa. A riƙe sunan Fokas, zai dawo.

Santa Maria Antiqua tana gindin tudun, a wani lungu da yawancin 'yan jagora ba sa kai mutane. Ɗaki ne na fadar Domishiyan da aka mayar coci a ƙarni na 6. Girgizar ƙasa ta 847 ta sa aka ƙaurace masa, ƙasa ta rufe shi fiye da shekara 1,000, sai a 1900 masanin kayan tarihi Giacomo Boni ya tono shi, bayan an rushe wani cocin da ke bisansa. An sake buɗe shi ga jama'a a 2016. Binnewar ce ta adana zanen bangonsa. A dama da bagade akwai bango guda da aka yi wa shafe a kan shafe tsakanin ƙarni na 6 da na 8, kowane shafe da nasa zanen, yanzu duk sun ɓanɓare gefe-gefe: fuskar Maryamu sanye da kambi tana leƙowa daga shafen ƙasa, fuskar wani mala'ika daga na samansa, rubutun Girkanci daga wani. Ana haska bangon da fitila daki-daki don ido ya raba su, a tsaya a ga zagayen hasken ya kammala. Daga cikin cocin akwai gangaren da Domishiyan ya gina yana hawa fada a lanƙwashe. Abin da ke ɓata rai shi ne ɗakunan SUPER ba kullum suke buɗe ba, kowanne da ranakunsa, kuma sun fi rufewa da wuri. A duba jadawalin mako a shafin hukumar kafin a zaɓi rana, in ba haka ba Yuro 6 ɗin ta tafi a banza.

Tikitin ya ƙare a nan, amma hanyar ba ta ƙare ba. Daga bayan Kolosiyam ka kama titin Via di San Giovanni in Laterano. A farkonsa, ta hagu, ana leƙa kangon Ludus Magnus, barikin horar da mayaƙan filin daga. Tafiyar minti 5 zuwa 10 sai San Clemente, wanda a wurinmu babu inda ya kai shi nuna yadda birnin ya hau kan kansa. Cocin sama na farkon ƙarni na 12 ne, shigarsa kyauta. A gabansa akwai zane mai ruwan zinariya, gicciye da fararen kurciyoyi 12 a jikinsa, rassan itace na nannaɗowa daga gindinsa sun cika rufin, a tsakaninsu ga wata mata tana ba kaji tsaba, ga makiyayi da tumakinsa. Shingen mabul da ke tsakiyar cocin ya girmi ginin da kusan shekara 600, daga ƙasa aka hauro da shi. A 1857 wani limamin coci ɗan Ireland, Joseph Mullooly, ya fara tono, ya tarar da wani cocin na ƙarni na 4 a ƙarƙashi, wanda aka cika da ƙasa aka yi gini a kansa. A ƙarƙashin wannan kuma akwai gidajen Rumawa na ƙarni na 1 da wani siririn lungu a tsakaninsu wanda kafaɗa biyu ba sa wucewa, da ɗakin bautar gunkin Mitras: dakali biyu suna fuskantar juna, a tsakiya dutse da aka sassaƙa gunkin yana yanka bijimi. A can ƙasa za ka ji ƙarar ruwa na gudu a cikin duhu. Ruwan nan ya taɓa cika hawan ƙasan shekaru da dama, sai da aka haƙa masa magudana tsakanin 1912 da 1914 aka haɗa da tsohuwar lambatun birnin.

Saukar Yuro 10 ce a farashin 2025, ana kama lokaci a shafin cocin, kuma ba a ɗaukar hoto a ƙasa. Da sanyi da laima, matakalar kuma ƙunci gare ta. Mai ciwon gwiwa ko wanda rufaffen wuri ke takura wa ya tsaya a hawa na biyu. Bayanin da ke jikin bango kaɗan ne, ƙaramin littafin da suke sayarwa a bakin matakala yana da amfani.

Ci gaba da titin har ƙarshensa, za ka ɓulla San Giovanni in Laterano. Mutane da yawa na ɗauka cocin Waliyyi Bitrus na Vatican shi ne babban cocin Rum, alhali kujerar Fafaroma a matsayinsa na bishop ɗin birnin a nan take, tun zamanin Kwanstantin a ƙarni na 4. Tsaya a ƙofar tsakiya: ƙyamaren tagullar majalisar dattawa ke nan, an kawo su a 1660. Sun yi wa ƙofar kaɗan, sai aka yi musu ƙari a gefe-gefe da taurari a jiki, ana ganin inda tsohon ƙarfe ya haɗu da sabo. A filin da ke gefen cocin akwai dogon dutsen nan na Fir'auna Tutmos na 3, daga Karnak ta Masar, mita 32, an kawo shi Rum a 357, an kafa shi a nan a 1588.

Pantiyon, wani tsohon haikalin Rumawa mai ƙubba, na can wani ɓangaren, tafiyar minti 20 zuwa 25 a ƙafa daga Kolosiyam, kuma tikitinsa daban. Da kyauta ake shiga, a ranar 3 ga Yulin 2023 aka sa kuɗin shiga, Yuro 5 a lokacin. Nan ma dillalai na sayar da shi a ninki da sunan na'urar bayani. Rubutun da ke goshinsa sunan Agrippa ne, wanda ya yi ginin farko a wurin, amma ginin da ke tsaye na zamanin Sarki Hadriyan ne, wajen 125. Fokas ɗin nan ne ya ba Fafaroma Boniface na 4 shi, aka mayar da shi coci a 609, kuma albarkacin haka ne mutum ke shiga ginin Rumawa yau ya tarar da rufi da daɓe da ƙyamare. Ginshiƙan zaurensa 16 ne, kowanne dutse ɗaya ne ba haɗi, kusan mita 12, daga mahaƙar Masar aka yo jigilarsu. Ƙubbar faɗinta mita 43.3, tsayinta daga daɓe shi ma 43.3, kankare ce zalla ba rodi ko ɗaya, kuma har yau ba a yi irinta da ta fi ta girma ba. Dabarar a nauyi take. Kaurinta a gindi ya haura mita 6, a sama ya dawo mita 1.2. Tsakuwar da aka kwaɓa a ƙasa mai nauyi ce, ana hawa ana sauya ta da mai sauƙi, har a ƙoli aka sa dutsen aman wuta mai huhu kamar soso. Akwatunan da aka fafe a cikin rufin, layi 5 kowanne 28, su ma rage nauyi suke. Ramin tsakiya, kusan mita 9, a buɗe yake, shi kaɗai ne tagar ginin. Ruwan sama na shigowa, shi ya sa daɓen ya ɗan yi tozo kuma aka huda masa ƙananan ramuka; duba ƙasa a tsakiyar ɗakin za ka gan su. A zo da ƙarfe 9 na safe da ana buɗewa, ko wajen tsakar rana lokacin da hasken ke sauka kamar ginshiƙi. Ana dakatar da masu yawon kallo lokacin sujada, yammacin Asabar da safiyar Lahadi.

Duk waɗannan coci-coci wuraren ibada ne masu rai, kuma ana duba sutura a ƙofar manyansu. Kafaɗa da gwiwa su kasance a rufe, abin da ba zai dami mai kaftani ko mai mayafi ba. Hijabi ba matsala. Namiji kuwa ana son ya cire hula, kuma mai gadi zai yi maka nuni idan ka manta. Ƙananan coci-coci da yawa na rufewa daga wajen 12:30 zuwa 3 ko 4 na yamma, saboda haka a bar wa manya irin su Laterano da Santa Maria Maggiore tsakar rana. A riƙe sulallan Yuro 1 da 2 a aljihu, domin fitilun da ke haska zane a wurare da dama sai an jefa kuɗi suke kamawa, na 'yan mintuna.

Katin Roma Pass ba mu ga ribarsa ga wannan hanya ba. Bai shafi San Clemente ba, bai shafi Vatican ba, Kolosiyam ma sai ka sake kama lokaci, tafiyar kuma kusan duk a ƙafa ce. Ɗan jagora na da amfani a dandalin fiye da ko'ina, in dai mai lasisi ne da katinsa a wuya kuma rukunin bai wuce mutum 15 ba. Masu tare mutane a bakin tasha a ƙyale su. Haka masu shigar sojan Rumawa da masu ɗaura wa baƙo zare a hannu da sunan kyauta, ƙarshenta kuɗi ne. A jirgin ƙasa da bas mai lamba 64 jaka ta dawo gaba. Gidajen abincin da ke fuskantar Kolosiyam tsada gare su ba daɗi, a shiga unguwar Monti ko Celio. Musulmi ya sani cewa carbonara da amatriciana da gricia, taliyar da birnin ke taƙama da ita, duk da naman alade ake yinsu. Cacio e pepe cuku ne da masoro kawai. Gidajen abincin halal sun fi yawa tsakanin Termini da Piazza Vittorio. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin birnin, da nisa daga nan, sai an ware masa lokaci ranar Juma'a.

A watan Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, dandalin kuma fili ne fetal, duwatsun na mayar da zafin. Lokacin sanyi matsalar gajartar yini ce: ana rufewa 4:30 na yamma, a daina shigar da mutane awa guda kafin nan, alhali da bazara sai 7:15. Ƙarshen Maris zuwa Mayu, da Oktoba, sun fi daɗin tafiya.

Wanda jirginsa zai tashi daga Termini kuma yana da awa guda a hannu, ya tsallaka dandalin Repubblica. Akwai wani lanƙwasasshen bangon jan bulo da ya yi kama da kango, da ƙofa a jikinsa. Gidan wankan Diyokleshiyan ne, wanda aka gama a 306, shahararren mai zane Mikelanjelo ya tsara coci a cikin babban zaurensa a shekarun 1560, Santa Maria degli Angeli. Rufin da ke samanka na Rumawa ne, haka ginshiƙai 8 na jan dutsen Masar. Sauran da suka yi kama da su bulo ne aka yi wa fenti, taɓa su da tafin hannu za ka ji na gaskiyar sun fi sanyi. A daɓen akwai dogon layin tagulla da aka shimfiɗa a 1702 don auna zawali. Hasken rana na shigowa ta wani ɗan rami a saman bango, ya tsallaka layin wajen 12 da 'yan mintuna lokacin sanyi, wajen ƙarfe 1 da kwata da bazara saboda ƙarin awa da ake yi wa agogo. Shiga kyauta ne.